Shirin EPICS na Jami'ar Purdue: abin da ƙungiya ke samu idan ɗalibai suka karɓi aikinta

A garin West Lafayette da ke jihar Indiyana ta Amurka, Jami'ar Purdue tana gudanar da wani shiri mai suna EPICS (Engineering Projects in Community Service), wato ayyukan injiniya don hidimar al'umma. Shirin yana haɗa ɗalibai daga fannoni daban-daban su yi wa ƙungiyoyin agaji, makarantu da hukumomin gari aikin injiniya ba tare da an biya su ba, jami'a kuma ta ba su makin kwas a kan aikin. Galibin masu magana a kansa ta fuskar ɗalibi suke dubawa, wato me ya koya, kuma yaya abin zai taimake shi wajen neman aiki. Mu a nan ta fuskar ƙungiyar da ta kawo matsalarta muke dubawa, wadda ke zaune tana jiran a share mata hawaye. Hukuncinmu shi ne hidima ce mai kyau ƙwarai ga ƙungiyar da ke da haƙuri, take kuma da mutum ɗaya da zai riƙa ba ɗaliban lokacinsa. Wadda ke son a gama mata aiki cikin wata uku, gara ta nemi ɗan kwangila.

An fara shirin a shekarar 1995. Malamai daga sashen injiniyan lantarki da kwamfuta, Leah Jamieson da Edward Coyle, su ne suka jagoranci kafa shi, da ɗalibai 40 cikin rukuni biyar. Buƙatu biyu suka hango waɗanda kowace za ta iya biyan ɗaya. Kamfanoni na kukan cewa sababbin injiniyoyi sun iya lissafi amma ba su iya aiki cikin jama'a ba, ba su iya sauraron mai aiki ba, ba su iya rubuta abin da suka yi ba. Ƙungiyoyin agaji kuma suna buƙatar na'urori da manhajoji amma ba su da kuɗin ɗaukar injiniya. A 2005 Cibiyar Injiniya ta Ƙasa ta Amurka ta ba Jamieson da Coyle da William Oakes kyautar Bernard M. Gordon, mai darajar dala 500,000, saboda wannan shiri. Manoman wake na Kano da Maraɗi sun riga sun san sunan wannan jami'a ta hanyar buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Buhun aikin masu binciken noma ne, bai fito daga EPICS ba, sai dai dukkansu sun tsiro ne daga al'adar jami'ar da aka kafa a 1869 da sharaɗin ta amfani manoma da masu sana'a.

Abin da ya bambanta EPICS da sauran ayyukan ɗalibai shi ne rukunin aiki ba ya mutuwa. Ɗalibai suna shigowa suna fita, amma rukunin yana nan da sunansa da ƙungiyar da yake yi wa aiki, shekara bayan shekara. A cikinsa akwai ɗan shekarar farko da ɗan shekarar ƙarshe, kuma ɗalibi na iya sake yin rajistar kwas ɗin zango bayan zango, da kiredit ɗaya ko biyu kowane zango. Wanda ya shigo yana riƙe wa wasu waya, bayan shekara biyu shi ne shugaban aiki. Ba injiniyoyi kaɗai ake ɗauka ba. Ɗaliban koyarwa, da na harkokin kasuwanci, da na lafiya, da na zane-zane duk suna shiga. Rukuni kan kai daga mutum takwas zuwa wajen ashirin, a rarraba su ƙananan gungu, kowane gungu da aikinsa. Suna haɗuwa awa biyu a mako a ɗakin aiki, ƙarƙashin kulawar malami ko wani injiniya daga kamfani, tare da ɗalibin digiri na biyu ko na uku mai taimakawa. Akwai muƙamai: shugaban rukuni, jagoran kowane gungu, mai riƙe da kuɗi, mai adana takardu, da kuma wanda aikinsa shi ne tuntuɓar ƙungiyar. Wannan na ƙarshe shi ne wanda ƙungiya za ta fi sani, kuma idan aka yi sa'ar mai himma, rabin wahalar ta kau.

Irin abokan hulɗar da shirin ya yi aiki da su a yankinsa sun haɗa da Habitat for Humanity mai gina wa marasa ƙarfi gidaje, da Wabash Center mai kula da naƙasassu, da Imagination Station, gidan nuna kimiyya ga yara a Lafayette, da gidan namun daji na Columbian Park. Ɗaya daga ayyukan farko shi ne rumbun bayanai na haɗin gwiwa ga ƙungiyoyin da ke taimakon marasa matsuguni a gundumar Tippecanoe, domin su san mutum nawa suke yi wa hidima ba tare da an ƙirga mutum ɗaya sau biyu ko uku ba, su kuma daidaita taimakon da kowa ke bayarwa. Wannan misali yana nuna irin aikin da ya dace da shirin: buƙata ta gaske wadda ba gobara ba ce, babu kamfanin da zai yi ta da araha, kuma za ta riƙa neman gyara da ƙari na tsawon shekaru.

Aiki yana bin matakai da aka shimfiɗa, kuma ba a tsallake ɗaya sai an nuna an kammala na baya. Ana farawa da gano ainihin matsalar, sai a fitar da sharuɗɗan da abin zai cika, sai a kawo dabaru da yawa a tace, sai zane dalla-dalla da gwaji, sai miƙawa, sai kula da gyara, daga ƙarshe a yanke shawarar sake ƙerawa ko a ajiye abin idan ya tsufa.

Matakai biyun farko su ne inda shirin ya fi burge mu, kuma su ne inda ƙungiyoyi suka fi gajiya. Shugabar makarantar yara masu naƙasa za ta zo ta ce tana son manhaja a kwamfutar hannu da za ta taimaki yaro ya nuna abin da yake so. Ɗaliban da aka horar da kyau ba za su tafi su fara rubuta manhaja ba. Za su nemi izinin zama a aji su kalla. A nan ne za su iya gano cewa yaron ba ya iya miƙa yatsa ɗaya ya taɓa gilashi, da tafin hannu ko gwiwar hannu yake bugu, kuma malama ba ta da hannun da za ta riƙe masa na'ura domin tana kula da wasu yara biyar. Sai aikin ya koma babban maɓalli mai faɗi da za a ɗaure a jikin keken yaron. Daga nan sai a mayar da buƙata zuwa lambobi: faɗin maɓallin santimita nawa, ƙarfin dannawa nawa yake buƙata, batir zai yi awa nawa kafin a sake caji, zai jure faɗuwa daga tsayin tebur, za a iya goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ruwa ya shiga ba. Sharaɗin da ba a iya aunawa, kamar a ce abin ya zama mai sauƙin amfani, ba ya wucewa sai an faɗi yadda za a gwada shi, misali sabuwar malama ta iya kunna shi cikin minti ɗaya ba tare da an nuna mata ba. A wannan mataki ne haɗa fannoni ke nuna amfaninsa. Ɗalibar koyar da yara masu buƙata ta musamman ko ta gyaran magana za ta ga abin da ɗalibin lantarki ba zai taɓa lura da shi ba, domin ita yaron take kallo, shi kuma idonsa na kan waya.

Ana kuma tilasta wa ɗalibai su bincika ko akwai abin a kasuwa. Wannan ƙa'ida tana kare ƙungiya sosai. Idan akwai maɓalli irin wannan da za a saya, mai ƙaramin soket na milimita 3.5 wanda kayan naƙasassu da yawa ke amfani da shi, babu dalilin a ɓata zango biyu ana ƙera wani. Rukuni nagari zai gaya wa ƙungiya gaskiya ya nemi wani aikin.

Sau biyu a zango ana zaman bita, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe, inda ɗalibai ke gabatar da aikinsu gaban injiniyoyi daga waje, da malamai, da wakilan ƙungiyar. Wannan zama yana da daraja fiye da yadda ake zato. Injiniyan da ya shekara ashirin a kamfani zai kalli zane ya tambaya ina fis ɗin da zai yanke wuta idan waya ta haɗu, ko me zai faru idan yaro ya cusa yatsa a wannan rami. Ƙungiyar da ta tsallake wannan zama ta yi asarar damarta mafi girma ta juya akalar aikin tun bai yi nisa ba.

Sai dai jinkiri na nan, kuma a jikin tsarin yake, ba laifin wani ba ne. Zango ɗaya bai wuce mako goma sha biyar zuwa sha shida ba. Awa biyu a mako a ɗakin aiki ya kama wajen awa talatin ke nan a zango, sai abin da kowa ya ƙara a lokacinsa, alhali yana da wasu kwasa-kwasai huɗu ko biyar masu jarrabawa. A cire makonni biyu ko uku na farko da sababbi ke karanta takardun da aka bari suna koyon kayan aiki, a cire makonnin shirya bita, a cire jiran kayan da aka yi oda. Abin da ya rage na ainihin ƙira ba shi da yawa. Daga Mayu zuwa Agusta kuma yawancin ɗalibai sun tafi dogon hutu. Saboda haka aikin da injiniya ɗaya mai cikakken lokaci zai gama cikin wata biyu, a nan yana iya cin zango uku ko huɗu. Ƙungiyar da ta sami tallafi mai wa'adi, ko ta yi wa iyaye alkawarin rana, za ta shiga kunya idan ta dogara da wannan kalanda.

Matsala ta biyu ita ce miƙa aiki daga hannu zuwa hannu. Shirin ya san da ita, shi ya sa yake tilasta wa kowane ɗalibi ya riƙe littafin aikinsa, kowane gungu kuma ya rubuta takardar zane da takardar miƙa aiki a ƙarshen zango. Duk da haka abin da ke ɓacewa shi ne dalili. Takarda za ta ce an zaɓi wannan na'urar lantarki mai juya ƙarfe, amma ba za ta ce an gwada wata mai araha ta yi zafi ta tsaya bayan minti ashirin ba. Sababbin ɗalibai su zo su ga mai arahar, su ce na baya ba su yi bincike ba, su saya, su maimaita kuskuren. Akwai kuma ɗabi'ar matashin injiniya ta son fara nasa daga tushe. Ya buɗe manhajar da wani ya rubuta, bai gane ta ba, sai ya yanke hukuncin sake rubutawa da yaren kwamfutar da ya fi so, aikin shekara guda ya koma baya. Mai hana wannan shi ne malami mai kula da ya daɗe tare da rukunin, da kuma wakilin ƙungiya da zai iya cewa: an gwada wannan shekara biyu da suka wuce, ga abin da ya faru. Sau da yawa wakilin ƙungiya ya fi duk ɗaliban sanin tarihin aikin, kuma ya kamata ya yi amfani da wannan matsayi ba tare da jin nauyi ba.

Matsala ta uku ita ce tazarar da ke tsakanin samfurin da ya yi aiki a ɗakin gwaji da kayan da za su rayu a hannun jama'a. A nan ne ayyukan ɗalibai a ko'ina suka fi faɗuwa. Wayoyin da aka soka a allon gwaji suna zarewa da an ɗan girgiza akwatin, dole a liƙa su da dalma a kan allo na dindindin, a kuma ɗaure kebul ɗin inda ya fita daga akwati don kada a fizge shi. Robar PLA da aka fi amfani da ita a injin buga siffofi (3D printer) tana laushi da zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Celsius, wanda mota da aka rufe a rana za ta iya kaiwa. Abin nuni a gidan kimiyyar yara zai sha dannawa da duka da rataya daga safe zuwa yamma, saboda haka ƙaramin maɓallin da ɗalibi ya yi gwaji da shi ba zai kai sati ba, sai irin na injinan wasa da aka ƙera don duka. Ƙusoshi masu zare suna kwancewa idan ba a sa musu abin riƙewa ba. A ɓangaren manhaja kuwa, tambayoyin da ke kashe aiki ba su da ɗaukar ido: a asusun wa aka yi rajistar shafin, wa ke biyan kuɗin ajiye shi a intanet, wa ke da kalmar sirri bayan ɗalibin da ya buɗe ya kammala karatu, wa zai sabunta shi idan an gano ɓaraka. Rumbun da ke ɗauke da sunayen marasa matsuguni ko bayanan lafiyar yara amana ce mai nauyi, kuma bai kamata ƙungiya ta bar ɗalibai su yi gwaji da bayanan mutane na gaskiya ba. A ba su na bogi masu kama da su.

Inda EPICS ya fi sauran shirye-shirye irinsa shi ne ya sa kula da gyara cikin matakan aikin. A mafi yawan jami'o'i, ɗalibin shekarar ƙarshe ya gabatar da aikinsa, ya karɓi makinsa, ya tafi, na'urar ta mutu a kabad. A nan rukunin da ya miƙa abu yana nan a zango mai zuwa, kuma ana iya kiransa idan abin ya lalace. Wannan shi ne ainihin abin da ƙungiya ke samu, kuma saboda shi ne muke ganin jinkirin ya cancanci a jure. Amma gyara ba ya burge ɗalibi kamar sabuwar ƙira, kuma na'urar da ta lalace a Yuni tana iya jiran Satumba. Don haka kada a ɗora wa aikin ɗalibai abin da rai ko lafiyar mutum ta dogara a kai, ko abin da idan ya tsaya ofis zai tsaya.

Aikin EPICS kyauta ne ta fuskar kuɗi, domin masu tallafa wa shirin ne ke sayen kayan aiki. Amma ƙungiya tana biya da lokaci. Sai ta ware mutum ɗaya da zai amsa saƙon ɗalibai cikin kwana biyu ko uku, ya karɓe su idan sun zo ziyara, ya halarci bita, ya gwada samfuri ya faɗi gaskiya. Jinkirin amsa na mako biyu a zangon mako goma sha biyar babban rashi ne, domin ɗalibai ba za su zauna ba, za su yi zato su ci gaba, zaton kuma yakan zama kuskure. Haka nan yabon ladabi yana cutarwa. Ma'aikatan agaji mutane ne masu tausayi, idan suka ga yara sun sha wahala sai su ce abin ya yi kyau alhali ba za su yi amfani da shi ba. Da a ce sun faɗa tun a bitar tsakiyar zango cewa akwatin ya yi nauyi ko rubutun ya yi ƙanƙanta, da an gyara.

Kafin ƙungiya ta sa hannu a takardar karɓar aiki, muna ba da shawarar ta nemi abubuwa kaɗan a hannu: littafin amfani da aka rubuta da yaren ma'aikatanta, jerin kowane ɓangare da inda ake sayensa da farashinsa, ɓangarorin canji na abubuwan da suka fi saurin lalacewa, duk kalmomin sirri a asusun ƙungiyar, da lokacin gwaji na wasu makonni a wurin aikin kafin ɗalibai su tafi hutu. Miƙawa a makon ƙarshe na zango, ana gobe jarrabawa, ita ce mafi muni, domin ranar da matsalar farko za ta bayyana babu kowa a gari.

Wasu jami'o'in Amurka sun ɗauki tsarin, ciki har da Jami'ar Jihar Arizona da Jami'ar Texas da ke Dallas, an kuma faɗaɗa shi zuwa makarantun sakandare. Malaman jami'o'inmu da ke sha'awar kwaikwayo su lura cewa ya sha bamban da SIWES, inda ɗalibi ke tafiya shi kaɗai wata ma'aikata na wasu watanni ya dawo da littafin rahoto. A EPICS aikin yana zaune a jami'a, ƙungiya ce mai aiki, kuma rukunin ya fi kowane ɗalibi tsawon rai. Abin da ya fi wuyar kwaikwayo ba kayan aiki ba ne. Sai an shawo kan sassa daban-daban su amince da kwas ɗaya da ɗan aji ɗaya da ɗan aji huɗu za su yi tare, a sa shi a jadawali a lokacin da kowa zai samu, a kuma lissafa wa malami kulawar cikin nauyin koyarwarsa. Kalandar da ke yankewa, kamar yajin aikin wata takwas na 2022 a jami'o'in gwamnatin Najeriya, tana ninka matsalar miƙa aiki, saboda haka a irin wannan yanayi a fara da ƙananan ayyuka da za a iya miƙawa cikin zango ɗaya, da kayan da ake samu a kasuwar garin, waɗanda mai gyaran rediyo ko mai walda na unguwa zai iya gyarawa idan ɗalibai ba sa nan.

Ga masu neman kuɗin fara irin wannan aiki a wajen Amurka, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE tana da reshen shirin tun 2009, mai suna EPICS in IEEE, wanda ke ba rukunonin ɗalibai a ƙasashe daban-daban tallafin sayen kayan aiki. Sharaɗinsa shi ne ɗalibai su zo tare da wata ƙungiyar al'umma mai zaman kanta da ta amince za ta yi aikin tare da su, su kuma nuna a takardar nema wanda zai riƙa kula da abin bayan an miƙa shi.